Bitar Legas, Maigidana da Hotunan da Ba Wanda Ya Saya

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, shekaruna 25, ina zaune a Kano. Shekara uku ke nan ina aiki a shagon hoto na wani aminin Babanmu. Shi ya koya mini riƙe kyamara, yanzu kuma ni ke ɗaukar ɓangaren mata a bukukuwa: kamu, sa lalle, wankan amarya, buɗar kai. Alhamdu lillahi ina samun na kashewa. Amma Anti, raina ba ya kan hoton biki. Hotunan da nake so su ne waɗanda nake ɗauka a gefe ba wanda ya sa ni, kamar hannun wata tsohuwa tana ɗaure wa amarya lalle, ko takalman mata jibge a ƙofar ɗaki. Na nuna wa maigidana, ya ce hoton da ba a ga fuska ba wa zai saya?

Yanzu na ga tallar wata bita ta kwana 5 a Legas kan hoton fasaha, kuɗin shiga naira dubu 350, ban da mota da masauki. Abin da na tara dubu 500 ne, kuma don sayen kyamarar kaina na tara su, saboda wadda nake aiki da ita ta shago ce. Baba ya ce ba inda za ni ni kaɗai. Maigidana kuwa da ya ji, sai ya daina sakar mini fuska, har ya ce wa wani yaron shago wai na ƙoshi. A gefe guda akwai wani mai hoto da nake bi a Instagram, ya ce zai riƙa koyar da ni daga ni sai shi, dubu 40 duk wata, in riƙa tura masa hotunana. Ina jin kamar idan bitar nan ta wuce ni, zan ƙare rayuwata a "amarya ɗan juyo, ɗan murmusa". Yaya zan yi?

Daga wata ƙanwarki a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma a karo na biyu wajen takalman nan na tsaya. Duk wanda ya taɓa shiga gidan biki ya san su: silifas, da masu tsini, da na tsofaffi waɗanda dunduniya ta cinye musu gefe guda, wani kan wani a bakin ƙofar uwar amarya. Mata ɗari za su tsallake su su shige. Ke kika tsaya, kika ga tarin nan yana faɗin su wa ke ciki, da yawansu, da mai hali da marar hali, ba tare da an ga fuskar kowa ba. Wannan tsayawar ake biyan kuɗi a je bita nema, kuma da yawa suna dawowa ba su samo ta ba. Don haka ki sauke fargabar cewa wani abu zai wuce ki. Kin riga kin fara.

Bari in faɗa miki ra'ayina tun da wuri, kada ki yi ta karatu kina jiran sa. Ni dai ban ga ki kai dubu 350 Legas a bana ba. Ki lissafa da kanki: kuɗin shiga, mota zuwa da dawowa, masaukin kwana shida ko bakwai a garin da komai da tsada, abinci, zirga-zirga cikin gari. Dubu 500 ɗin nan da wuya ki dawo da wani abin kirki a cikinsu. Za ki dawo da satifiket da hoton da kuka ɗauka ku duka ranar rufewa, sannan ranar Litinin ki koma neman aron kyamarar mutumin da ya daina sakar miki fuska. Abin da kike buƙata yanzu abu biyu ne: kyamarar da za ki fita da ita ranar da kika ga dama, da mutum guda mai ido wanda zai riƙa duba aikinki a kai a kai yana gaya miki gaskiya. Bitar kwana biyar ba ta ba da ko ɗaya daga cikinsu.

Amma kafin mu je nan, akwai wata magana a wasiƙarki da ban yarda da ita ba, wato rainin da kika fara yi wa hoton biki. Kin san Malick Sidibe na Mali? A 1955 ya shiga shagon wani Bafaranshe mai hoto a Bamako, Gerard Guillat, a matsayin yaron shago, kamar ke. Abin da ya yi ta ɗauka shekara da shekaru shi ne bukukuwa da suna da raye-rayen samari da 'yan mata da dare, washegari a wanke hotuna a kafe, masu so su zo su zaɓa su biya. Waɗannan hotunan na neman abinci su ne duniya ta zo ta gani daga baya, musamman bayan an fara babban bikin hotunan Afirka na Bamako a 1994, har a 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin fasaha na Venis a Italiya, shi ne mai hoto na farko da aka ba wa ita don aikin rayuwarsa. Kafin shi akwai Seydou Keita, shi ma a Bamako, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. A tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, ya rataya zane mai ado a bayan mutum, kuma sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa kowa saboda tsadar fim. Su biyun masu shago ne irin maigidanki. Abin da ya bambanta su shi ne yadda suke kallon wanda ke gabansu.

Ke kuma kina da abin da su ba su samu ba. Kina shiga ɗakin da namiji mai kyamara ba ya shiga ko da ya fi kowa ƙwarewa. Kina nan lokacin da gwaggo ke yi wa amarya faɗa da asuba, lokacin da ake jeren kwanuka, lokacin da ƙawaye suka gaji suka zube a tabarma hannuwa a sama suna jiran lalle ya kama. Wani mai hoto ɗan Najeriya, J.D. Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968, yawanci ta ƙeya, ba fuska, ya tara kusan dubu kafin rasuwarsa a 2014, kuma su ne aka fi saninsa da su a duniya. Idan maigidanki ya sake tambayar wa zai sayi hoton da ba fuska, amsar tana nan, ko da yake ban ce ki je ki jefa masa ita ba. Nan kusa da mu ma Fati Abubakar, wadda fannin lafiya ta karanta, ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum ta Maiduguri a Instagram a 2015 da sunan Bits of Borno, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga garin sai bom. Garinta ta ɗauka, mutanenta ta ɗauka.

Sai dai wannan dama da kike da ita amana ce, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne. Matan da ke cikin ɗakin nan sun yaye mayafi ne saboda sun ɗauke ki 'yar gida, kuma hoton biki aka kira ki ki ɗauka. Ba su san akwai wani kundi da kike tarawa a gefe ba. Duk hoton da za a iya gane mace a ciki, ko ta fuska, ko ta zobe, ko ta ɗakinta, kada ya bar wayarki sai kin nuna mata ta gani ta amince, kuma kin gaya mata inda zai je: intanet ne, bango ne, ko hannun wani malami. Idan mai aure ce, ki ba ta lokaci ta yi shawara da mijinta, kada amincewarta ta jawo mata fitina. Wadda ta ce a'a, ki goge ko ki ajiye wa kanki. Hoto ɗaya da ya fita ba da izini ba ya isa ya rufe miki ƙofofin unguwa guda, ya kuma ɓata sunan shagon da ya aike ki. Akwai kuma batun wa ke da hoton. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, asali wanda ya ɗauki hoto shi ne mai shi, amma yarjejeniyar aiki tana iya sauya hakan, kuma ke da kyamarar shago kika ɗauka, a lokacin aikin shago. Wannan ma wani dalili ne na ki mallaki taki, ki kuma yi maganar a fili da maigidanki.

Game da kyamarar, kada ki bari 'yan kasuwa su ruɗe ki da sabuwar fitowa. 'Yar tokumbo mai lafiya ta ishe ki. Ki sa a duba miki adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, kamar yadda ake duba tafiyar mota, ki gwada batir, ki ɗauki farin bango ki ga ko akwai tabo. Ki haɗa ta da lens, wato gilashin gaban kyamara, guda mai milimita 50, irin mai buɗewa zuwa 1.8 (lambar da ke nuna faɗin ƙofar shigar haske). Yana daga cikin mafi araha, kuma yana shan haske sosai, ta yadda za ki iya kashe filasha a ɗaki mai taga ɗaya ki bar hasken hantsi ya sauka a kan hannun tsohuwar nan yadda yake. Ba ya jawo abu daga nesa, dole ƙafarki ta kai ki, kuma wannan ma karatu ne. Ki rage wani abu daga kuɗin don wanke hotuna. Zan gaya miki dalili.

Lokacin da nake aikin jarida a Kaduna na taɓa kai wa wani dattijo mai hoto hotuna 40 da na ɗauka a kasuwar hatsi, ina ji da su. Bai kalle su a kwamfuta ba, ya ce in je in wanko su ƙanana. Da na kawo, ya shimfiɗa su a tabarma, ya tsuguna, ya riƙa kife su ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba. Wanda ya fara kifewa shi ne wanda na fi so, na wani ɗan dako da na hau kan buhuna na kusa faɗowa kafin in same shi. Na ce Baba, wannan fa? Ya ce, "Wahalar da kika sha kike so, mai kallo kuwa bai sha ta tare da ke ba." Biyar ya bari a buɗe. Ya jera su, ya sauya musu wuri sau uku, sai ga shi suna magana da juna, abin da ban taɓa lura ba. Sannan ya ce in koma kasuwar da sassafe kafin rana ta take, in tsaya wuri ɗaya awa guda. Ranar na koma gida raina a ɓace. Wata biyu ina komawa wurinsa duk Asabar, kuma abin da na koya a tabarmar nan ya fi duk wanda na koya a ɗakin taro mai sanyi. Irin wannan zaman kike nema, kuma amfaninsa a maimaitawa yake.

Ba cewa nake bita ba ta da amfani ba. Mai kyau tana haɗa ki da sa'o'inki masu irin ciwonki, ta nuna miki aikin da ba ki taɓa gani ba, ta sa wani baƙo ya kalli hotunanki ba sani ba sabo. Amma tana amfanar wanda ya zo da aiki a hannu ne fiye da wanda ya zo da buri kawai. Makarantar Market Photo Workshop da David Goldblatt ya kafa a Johannesbag a 1989, wadda ta yaye manyan masu hoto na Afirka ta Kudu, duk da sunan bita da take ɗauke da shi, manyan kwasa-kwasanta watanni ake yi ana yin su. Don haka ko wace bita kika gani, ta Legas ɗin nan ko wata, ki tambayi masu ita: mutum nawa ne a aji, wane ne zai koyar kuma ina aikinsa, awa nawa za a ɓata kan hotunan da ke kika zo da su, kuma bayan an watse akwai wanda zai sake duba aikinki? Ki nemi su haɗa ki da mutum biyu da suka yi ta a baya, musamman mace. Idan aji ya haura mutum 15, ko tallar ta fi ba da ƙarfi kan otal da satifiket, ko aka yi ta matsa miki cewa gurbi ya kusa ƙarewa, ki riƙe kuɗinki. Ki sani kuma akwai ƙofofin da cancanta ake shiga da ita. Bikin LagosPhoto, wanda Azu Nwagbogu ya fara a 2010, yakan zo da zaman koyarwa da duba kundin matasa. Bikin Bamako, da akan yi bayan shekara biyu-biyu, yakan buɗe kira ga masu hoto na Afirka su tura aiki. Ƙungiyar Women Photograph, da aka kafa a 2017, tana da shirin haɗa mata masu tasowa da ƙwararru su yi musu jagora, ko da yake ta fi karkata ga hoton labarai da na rayuwar jama'a. Dukkansu abu ɗaya za su fara tambayarki: ina hotunan? Yawanci 10 zuwa 20 ne kan batu guda, da ɗan bayani, galibi da Turanci, wanda za ki iya neman a taya ki gyarawa.

Sai mutumin Instagram. Ban san shi ba, ba zan yi masa ƙazafi ba, kuma karɓar kuɗi don koyarwa ba laifi ba ne. Amma dubu 40 sau 12 dubu 480 ne, kusan duk abin da kika tara. Kafin ki ba shi ko kwabo, ki duba ɗalibansa na baya. Idan hotunansu duk sun koma kamar nasa, kala ɗaya, tsayuwa ɗaya, to kwafin kansa yake bugawa, takalman ƙofar ɗakinki ba za su rayu a hannunsa ba. Idan kin ga alamar alheri, ki gwada wata ɗaya tak, a rubuce: zama nawa, ƙarfe nawa, me za a yi. Ki tura masa ƙananan kwafi, asalin hotunan su zauna wurinki, kuma kada ki tura na matan da ba su ba da izini ba. Karatu da rana ake yi. In har za a haɗu, a wurin da jama'a suke, kuma wani na gida ya sani. Ranar da kira ya fara shigowa bayan isha'i, ko hira ta bar hoto ta koma kanki, kin san karatun ya ƙare. Ni da zan zaɓa miki, da na ce ki fara neman mace mai hoto da aikinta ya burge ki, ki rubuta mata gajeren saƙo mai ladabi da hotuna biyar da tambaya ɗaya takamaimai. Wasu ba za su amsa ba. Wata za ta amsa. Ki kuma leƙa sashen fasaha na jami'o'in da ke kusa da ke, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wanda ya daɗe yana yaye masu zane. Malamin zane ko bai riƙe kyamara ba ya san haske da tsari, kuma zai iya kife miki hotuna a tabarma.

Maigidanki kuwa, ki yi masa adalci. Mutum ya ɗauke ki ba ki san inda ake danna kyamara ba, ya yarda da ke har yana aika ki gidajen mutane da sunansa, sai ya tsinci labarin tafiyarki a bakin wani. Ko ni ce sai na ji zafi. "Ta ƙoshi" ɗin nan da ya faɗa, rabinsa tsoro ne: idan kin tafi, wa zai shiga masa wurin mata? Kuma tambayarsa ta wa zai saya tambayar mai ciyar da iyali ce, gaskiya ce a kasuwarsa. Kasuwar hoton fasaha a ƙasar nan ƙarama ce, yawancinta a Legas da Abuja, kuma mafi yawan masu yin sa da wani aikin suke cin abinci. Hoton bikin nan shi zai riƙe ki shekaru masu zuwa, kada ki saki reshe ki kama ganye. Ki same shi shi kaɗai, ba a gaban yaran shago ba, ki ba shi haƙuri kan yadda ya ji maganar, ki ce masa ba barin shago za ki yi ba. Sannan ki roƙe shi abu biyu: ya raka ki ko ya duba miki kyamarar da za ki saya, kuma ku daidaita cewa abin da kika ɗauka da taki, a ranar da ba ta aiki ba, naki ne. Mutumin da aka nemi shawararsa kan sayen kyamara da wuya ya ci gaba da ɗaure fuska. Ki tambaye shi ma ko yana da tsofaffin hotunan da ya ɗauka zamanin fim. Ina zargin akwai kwali a ƙarƙashin teburinsa da zai ba ki mamaki.

Baba bai ce kada ki yi hoto ba, cewa ya yi ba za ki Legas ke kaɗai ba, kuma bai san masu bitar ba, ke ma ba ki san su ba. Kada ki ja da shi kan tafiyar da ni ma ban goyi bayanta ba. Ki adana wannan roƙon sai ranar da aka gayyace ki da sunanki saboda aikinki, da takarda a hannu, da wurin saukar da aka sani, wataƙila da yaya ko gwaggo a gefe. Kafin nan ki riƙa nuna masa abin da kike yi. Ki wanke masa hoton hannun mahaifiyarsa ko na zauren gidanku ki sa a firam.

To, daga nan zuwa wata shida, ki zaɓi batu ɗaya ki zauna a kansa. Ni da ke ce, hannuwan mata masu aikin biki zan bi: mai lalle, mai kitso, mai tuwo, mai turaren wuta, 'yar jere. Kin san su, sun san ki, kuma hannu ya fi fuska sauƙin samun izini. Ki bi mai lalle guda har gidanta ranar da ba biki, ki zauna, ki sha ruwa, ki bar kyamara a jaka sai an saba. Ki ɗauka da hantsi da kuma bayan la'asar, ki lura da yadda hazon hunturu ke tausasa haske ya kashe inuwa mai kaifi. Duk ƙarshen wata ki wanke 30 ƙanana, ki shimfiɗa, ki rage su zuwa biyar, ki kai wa wanda kika samu ya sake ragewa. Idan kin sami ƙawaye biyu ko uku masu kyamara, ko da ta waya ce, ku riƙa haɗuwa kuna yi wa juna haka, da sharaɗin ba a cewa "ya yi kyau" sai an faɗi dalili. Idan kuma bayan duk wannan ranki na nan kan bitar Legas ɗin, ki rubuta musu ki tambaya ko suna da gurbin tallafi ko ragi, ko za su sake yi baɗi, ki buɗe mata asusu daban daga kuɗin bukukuwan bayan Sallah.

Hoton takalman nan kuma, tunda ba fuskar kowa a ciki, ki nemi izinin masu gidan ki turo mini in gani. Allah Ya yi miki jagora, ki gaishe da Baba.